Jinyar Tsofaffinmu: Kar A Sake Rufe Mana Baki Da Kalmar Al'ada

Iyayena da 'yan uwana mata na jam'iyya, na Jibiya da kewaye. Don Allah a karanta har ƙarshe kafin a tura gaba.

Duk ranar da muka ɗaga maganar kula da tsofaffi a taro, sai wani babba ya gyara babbar riga ya ce, “Ai mu Hausawa ba mu kai iyayenmu gidan ajiye tsofaffi, wannan sai Turawa.” A yi tafi, a wuce maganar kwangila. To, gaskiya ya faɗa, ba mu kai su. Amma wa ke tashi ƙarfe biyun dare ta juya tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye? Wa ke wankin zannuwa, wa ke sayen famfas na manya da kuɗin adashinta? Mu ne. Tutiyar ta maza, wahalar ta mata.

Kuma gidan da suke tutiya da shi ba shi ne na yau ba. An rufe boda a watan Agustan 2019, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake garƙame ta har Maris 2024. Ku da kanku kun san gidaje nawa ne uwa na nan, 'yarta na aure a Ɗan Isa ko Maraɗi. Kasuwar Magama ta yi sanyi, samari suka watse neman abinci. Ga 'yan bindiga da suka koro mutanen Shimfiɗa da sauran ƙauyuka cikin gari. Tsohuwar da a da take da surukai uku da jikoki fal tsakar gida, yau a ɗakin aro take, da mace guda da ke fama da goyo.

Doka tana nan fa. An sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Abin da muke so jam'iyya ta tsaya a kai shi ne a horar da masu jinya a gida, a biya su, kuma a ɗebo su daga cikinmu.

Me ya sa na nace sai daga cikinmu? Saboda kunya. Wanda bai san ta ba zai kashe tsoho yana ganin taimakonsa yake. Dattijo ba zai taɓa yarda matar ɗansa ta kai shi bayi ba. Sai ya rage shan ruwa da gangan don kar fitsari ya matse shi, a wannan zafin namu, kuma ba zai gaya wa kowa dalili ba. Shi namiji yake buƙata, don haka a horar da maza su ma, 'ya'yansa kuma su daina fakewa da kasuwa. Ita kuwa Hajiya, wallahi da namiji baƙo ya ga jikinta gara ta kwana cikin ciwo. Mai jinyar da za ta shigo babu sallama, ta kira uwar wani da gatsal ɗin sunanta, ta ɗage mata zane gaban jikoki, ko takardar shaidarta ta kai goma ba mu so.

Muna son wadda ta san babban tashin hankalin tsohuwa shi ne tsarkinta da sallarta. Ta taimaka mata da alwala, in ruwa zai cutar ta miƙo mata abin taimama, ta juya ta gabas. Wadda ba za ta ce wa mai ciwon suga “ki daina fura” ta kama hanya ba, alhali furar ce kaɗai ke shiga cikinta. A zauna da ita, a cire sukari, a rage yawa, a tambayi ma'aikacin asibiti. In azumi ya zo, a haɗa maganar likita da ta malam, don ta malam ce za ta ji. Sannan mu nan bakin iyaka, kwalin magani kan zo daga Maraɗi da rubutun Faransanci. Dole mai jinya ta san ba a ba da shi da ka, sai an nuna wa wanda ya iya.

Wani abin kuma da sunan al'ada ake yin sa, amma zalunci ne. Tsohuwa ta fara rikicin tsufa, tana mantuwa, tana surutai, tana fita da dare, sai a fara raɗa wai mayya ce, a hana jikoki zuwa ɗakinta. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, jama'a. Duk wadda ta ji ana wannan raɗar a unguwarta ta tsawatar, ko 'yar jam'iyyarmu ce ke yi.

Shugabannin mata na mazaɓu, ga aiki. Kowace ta zagaya ta ƙirga tsofaffin da ke kwance a unguwarta, maza nawa mata nawa, da masu jinyarsu. Adadi kawai, ban da suna, ban da ɗaukar hoton kowa a kan shimfiɗa. Ku zo da shi taro na gaba. Duk ɗan takarar da ya zo da atamfa da sabulu, za mu ajiye masa takardar a gabansa, ya faɗa mana mata nawa da maza nawa zai horar a Jibiya, da nawa za a riƙa biyan su a wata.