Kafin A Yaye Rufin Nan, A Hau Sama A Duba

Yau rigimata da masu kwangilar rufi ce, kuma ba na gida ba, na Kanada da Amurka. Ku yi haƙuri ku biyo ni, za ku ga abin da ya harzuƙa ni.

Wani ɗan uwana da ke zaune kusa da birnin Bankuba, a yammacin Kanada, ya sayi tsohon gida mai rufin katako. Da ruwa ya kankama sai ya ga tabo a silin ɗin kicin, kwana biyu sai ɗiga. Ya kira masu rufi mutum uku. Biyun farko ko tsani ba su sauke daga mota ba. Daga bakin titi suka ɗaga kai, suka ga katakon ya yi furfura, suka ce rufi ya mutu, a yaye duka a sa sabo. Na ukun, wani dattijo, ya hau sama, ya kuma shiga cikin silin da tocila. Abin da ya samu: ƙarfen da ke zagaye da bututun hayaƙi ya ci tsatsa ya huje, ga wasu 'yan katakai da suka tsage a gefensa. Aikin wuni biyu ya yi, yoyo ya tsaya.

Matsayina ke nan, kuma ba zan ɓoye ba: a kan irin wannan rufi gyara shi ne asali. Wanda ya ce a yaye, shi ne zai kawo hujja. Hujjar kuwa a saman rufi take da cikin silin, ba a gano ta daga bakin titi.

Bari in bayyana rufin, don yawancinmu kwano da soro da jinka muka sani. A gaɓar yammacin Kanada da jihohin Washinton da Oregon na Amurka akwai wani ƙaton itace da suke kira jan al'ul, kodayake ba dangin al'ul ɗin Lebanon ba ne, suna kawai suka haɗa. Yakan haura mita 60, wasu sukan rayu fiye da shekara 1,000. 'Yan asalin yankin, irin su ƙabilar Haida, da shi suka sassaƙa kwalekwale, suka gina gidaje, suka saƙa tufafi da ɓawonsa. Ana yanka gungumensa guntu-guntu, a faskara shi bisa jijiya kamar yadda ake tsaga giginya a fitar da azara. Kowane tsagi tsawonsa inci 18 ko 24 ne. A jera su layi bisa layi kamar ɓawon kifi, kowanne da ƙusa biyu, a sa takarda mai kwalta tsakanin layi da layi. Zuciyar itacen tana da wani sinadari nata na halitta mai hana ruɓa. Idan an kafa shi daidai, ana kuma kula da shi, rufin yakan kai shekara 30, wani ya wuce.

To, me ya sa nake cewa gyara ne asali?

Na farko, rufin nan ba abu ɗaya ba ne. Dubban tsagi ne, kowanne zaman kansa yake. Ba rana ɗaya suke mutuwa ba. Ɓangaren da ke fuskantar kudu rana ce ke cinsa, ya bushe ya tsage. Ɓangaren arewa da wanda ke ƙarƙashin inuwar bishiya danshi ne ke cinsa, gansakuka ta hau ta riƙe ruwa. Tun asali an tsara shi ne don a riƙa cire wanda ya lalace: a zura wani siririn ƙarfe mai ƙugiya a yanke ƙusoshin, a zare tsagin, a cusa sabo, a buga ƙusar da ba ta tsatsa. Wanda ya yaye rufi duka saboda tsagi talatin, tamkar wanda ya sa aka cire masa haƙora ne kaf saboda ɗaya na ciwo.

Na biyu, furfura ba mutuwa ba ce. Sabon al'ul ja-ja yake fitowa, amma rana da ruwa sukan mayar da shi ruwan toka cikin 'yan shekaru. Fatar waje ce kawai ta canja. Masu sayar da sabon rufi sun san haka sarai, amma launin nan shi ne jarinsu, don shi mai gida ke gani ya tsorata. Haka kuma yoyo sau da yawa ba daga katakon yake ba. Daga mahaɗa yake: gindin bututun hayaƙi, kwarin da rufi biyu suka haɗu, inda rufi ya jingina da bango. A waɗannan wurare ƙarfe ake sawa, ƙarfen kuma yakan riga katako mutuwa.

Na uku, mu tambayi kanmu wa ke cin riba. Ba na cewa duk ɗan kwangila macuci ne. Amma lissafi a fili yake: gyara aikin wuni ɗaya ko biyu ne, yana buƙatar haƙuri da gwanintar hannu, kuɗinsa kaɗan. Yayewa kwangila ce babba, ga kaya, ga leburori, ga riba. Idan ka tambayi mutumin da abincinsa ke cikin yayewa ko a yaye, wace amsa kake jira? Shi ya sa a can akwai masu duba gida da ake biya don dubawa kawai, ba su sayar da komai. Kuɗin da aka ba irinsu ba asara ba ne.

Na huɗu, wanda ya fi ci mini rai, shi ne itacen kansa. Mafi ingancin tsagi daga tsofaffin itatuwa yake fitowa, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna girma a hankali, jijiyarsu a matse, sinadarinsu da yawa. Irin waɗannan dazuzzuka sun ragu ƙwarai, har rigima ake a kansu. A 1993 an kama mutum fiye da 800 a tsibirin Bankuba saboda sun tare hanyar masu saran tsohon daji, a 2021 kuma aka kama fiye da 1,000 a wata zanga-zangar irinta a tsibirin. Itacen da ya girmi kakan kakanka aka kayar aka yi maka rufi, sai ka kwashe shi ka kai juji alhali da sauran shekara goma a jikinsa, don kawai launinsa bai yi maka ba? Kuma me za ka sa a madadinsa? Ko dai sabon al'ul daga ƙananan itatuwa, wanda sau da yawa bai kai na da ƙarko ba, ko kuma falle-fallen kwalta da ake yi daga man fetur, waɗanda su ma bayan shekara 20 zuwa 30 juji za su nufa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji mutanenmu.

Na san wani zai ce, Malam, ka manta da wuta. Ban manta ba, kuma a nan ne kawai nake sauke murya. Busasshen katako makamashi ne. A watan Satumban 1923 gobara ta cinye gine-gine wajen 600 a garin Bakli na jihar Kalifoniya, rufin katako ya taimaka mata ƙwarai. A watan Nuwamban 1961 gobarar unguwar Bel Air a Los Anjeles ta ƙone gidaje 484. Iska ce ke ɗaukar tsagi mai ci da wuta daga wannan rufi ta jefa a kan na gaba. A 1989 birnin Los Anjeles ya hana kafa sabon rufin katako. A watan Oktoban 1991 gobarar tsaunukan Oklan ta kashe mutum 25, ta lashe gidaje kusan 3,000. Yau a yankunan da gobarar daji ke yawan tashi, kamfanonin inshora da yawa ba su yarda su karɓi gida mai irin wannan rufi. Saboda haka wanda gidansa ke kan busasshen tsauni mai ciyawa da iska, ba na ce masa ya yi faci. Ya yaye, ko da katakon lafiya lau yake, domin rufinsa barazana ce ga maƙwabcinsa. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ai ba jira ake ba.

Amma ku lura, wannan ma hujja ce, irin wadda na nema tun farko. Hujja ce ta wuri, ta iska da fari. Ba ta zama lasisin yaye kowane rufi a ko'ina ba. Gidan da ke unguwa mai yawan ruwan sama, nesa da daji, haɗarinsa bai kai na gidan da ke tsaunin Kalifoniya ba. Kuma ko a inda doka ta yarda da katako, akwai wanda ake dafawa da maganin rage kamun wuta, ana iya yin faci da shi.

Akwai kuma ranar da rufi ke mutuwa da gaske, kuma faci a ranar wauta ce. Alamominta ba ɓoyayyu ba ne. Ka soka tsinin sukundireba a bakin tsagi ya shige kamar cikin burodi, ba a wuri ɗaya ba, ko'ina. Katakai sun lanƙwashe sun ɗaga baki a faɗin rufin. Takardar kwalta ta fito fili rana ta cinye ta. Ƙusoshi sun ruɓe, tsagi na zamewa da kansa. Ka shiga silin ka ga katakon da ke ɗauke da rufin ya yi baƙi ya yi laushi, ko rufin ya lotsa. Yoyo ya ɓarke a wurare da yawa lokaci guda. Masu sana'ar sukan ce idan lalacewa ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku na rufin, kuɗin faci ya zama zuba ruwa a rariya. Na yarda da wannan. Mai nacin faci a kan gawa shi ma yana da laifi, don ruwan da ke ratsawa a hankali zai ruɓar da ginshiƙan gidan, asarar ta ninka.

Laifi na ƙarshe na masu gida ne. Rufin al'ul numfashi yake so, ya jiƙe ya bushe. Ganye da ƙaiƙayin bishiya su taru a tsakanin tsagi, indararo ya toshe, reshe ya yi masa rumfa, shekara goma ba wanda ya hau. Rana ɗaya kuma a kira mai injin feshin ruwa mai ƙarfi ya wanke shi, ya kankare naman katakon, ya rage masa kwana. Sannan a ce katako ba shi da ƙarko. Duk wanda ya tashi a gidan soro ya san dokar: kafin damina a hau a yi yaɓe, a buɗe indararo. Wanda ya ƙi, kada ya zargi ƙasa.

Saboda haka ga abin da zan gaya wa duk mai irin wannan rufi. Kada ka sa hannu a takardar kowa sai ya hau sama, ya shiga silin, ya ɗauko maka hoto, ya nuna maka tsagi nawa ne suka mutu kuma a wane ɓangare. Ka tambayi dokar wuta ta garinku, ka tambayi masu inshorarka. Idan hujja ta ce a yaye, yaye ba tare da baƙin ciki ba. Idan babu, nemi mai gyara. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Ɗan uwan nawa dai damina uku ke nan silin ɗinsa a bushe. Wanda ke ganin na zalunci 'yan kwangila, fili nasa ne, ya zo da hujjarsa. Allah Ya sa mu ga mako mai zuwa lafiya.