Kwana 148: An Ce Yunwa Za Ta Dawo Da Su, Sai Ga Manyan Kamfanoni A Teburi

Jama'a, tunda marubutan fina-finan Amurka suka janye yajin aikinsu nake ganin wasu abokaina a nan suna ta yi musu shaguɓe. Wannan ya ce 'yan Hollywood ne, ƙoshi ne ya yi musu yawa. Wancan ya ce yajin aiki bai taɓa amfanar kowa ba, kuma dama kwamfuta ta kusa karɓe aikin. Wallahi ban yarda ba, ku ba ni minti biyar.

Mu fara da batun ƙoshi. Wanda kuke gani cikin tsadaddiyar mota jarumi ne, ba marubuci ba. Ƙungiyar marubutan, WGA, mutum wajen 11,500 ne suka ajiye alƙalami ranar 2 ga Mayu, 2023, kuma yawancinsu ko a hanya kuka haɗu ba za ka gane su ba. A da, shiri mai dogon zango yakan kai kashi 22, marubuci ya samu aikin kusan shekara, kuma duk sanda aka maimaita haska shirin a talabijin yana da kasonsa. Da zamanin Netflix ya zo, zango ya koma kashi 8 ko 10. A ɗauki mutane ƙalilan na 'yan makonni, su tsara labarin, a sallame su tun kafin a fara ɗauka. Kafin yajin, ko shirin ya zaga duniya kason bai ƙaruwa, kamfani kuma ya ɓoye adadin masu kallo. A lissafin ƙungiyar, in aka cire hauhawar farashi, abin da marubuci ke samu ya ragu da kashi 23 cikin ɗari a shekara goma. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Duk ma'aikacin da albashinsa ke tsaye farashi na gudu ya san wannan ciwon.

To su kamfanonin me suka ce? Ƙungiyar ta ƙiyasta buƙatunta a kan dala miliyan 429 a shekara, tayin kamfanonin kuwa miliyan 86. A watan Yuli shugaban Disney na lokacin, Bob Iger, yana wajen taron attajirai a Sun Valley ya ce buƙatun masu yajin ba abin da zai yiwu ba ne. A watan ne kuma jaridar Deadline ta ambato wani babba a masana'antar, wanda ya ɓoye sunansa, yana cewa dabarar ita ce a ja lokaci har marubutan su fara rasa gidajensu. Ƙungiyar kamfanonin ta ce ba da yawunta ya yi magana ba. Amma ku duba abin da ya faru: wata uku cur ba a zauna ba. Warner Bros. Discovery kaɗai ta shaida wa masu hannun jari cewa yajin marubuta da na jarumai za su iya ja mata asarar dala miliyan 300 zuwa 500. Wanda ya yarda ya yi asarar da ta kai abin da ake roƙonsa, ai ba rashin kuɗi ke damunsa ba. So yake ya karya ƙungiya.

Na san za a ce talakawan masana'antar sun wahala, direbobi da masu kwalliya da masu dafa abinci. Gaskiya ne, sun wahala ƙwarai. Amma wa ya ja lokacin? Da Iger da shugabannin Netflix da Warner da Universal suka zo teburin da kansu ranar 20 ga Satumba, kwana biyar kacal aka yi aka daidaita. Me ya hana a yi hakan tun Mayu?

Mai cewa yajin aiki ba ya amfani, ga abin da suka fito da shi. Ƙarin mafi ƙarancin albashi kashi 5, sai 4, sai 3.5 cikin ɗari a shekara uku. An ƙayyade mafi ƙarancin marubutan da za a ɗauka wa shiri, abin da kamfanonin suka ƙi ko tattaunawa a kansa da farko. Dole su nuna wa ƙungiyar awannin da aka kalli shiri, kuma in kashi 20 cikin ɗari na masu rajista a Amurka suka kalle shi cikin kwana 90 na farko, marubuci na da ƙarin kuɗi. Jimilla dala miliyan 233 a shekara, kusan ninki uku na tayin farko. Mambobi kashi 99 cikin ɗari suka amince.

Batun ƙirƙirarriyar basira kuwa, an rubuta baƙi da fari: ba za a ɗauki AI a matsayin marubuci ba, ba za a tilasta wa marubuci amfani da ita ba, kuma in aka miƙa masa abin da na'ura ta rubuta sai an faɗa masa. Kai da ke ofis kana rubuta wasiƙu da rahotanni kana dariya, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba da surutu suka ci ba. Kusan kashi 98 cikin ɗari suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da yajin. Direbobin manyan motoci sun riƙa juyawa in suka tarar da masu zanga-zanga a ƙofa. Jarumai suka bi sahu ranar 14 ga Yuli, abin da ba a gani ba tun 1960. Shugabanninsu kuma suka buga wa duniya abin da suka nema da amsar da aka ba su, layi-layi, ba wani kus-kus a bayan fage.

Don haka mai zagin yajin aiki ya gyara maganarsa. Yajin da ba haɗin kai, ba lissafi, shugabanni na shiga ɗaki su fito da labari daban, shi ne ba ya amfani. Mai ja da ni ya zo da alƙaluma, ina nan a sashen sharhi.