SANIN DOKA: Sammaci ba ya cizo, gudunsa ke cizo

A wannan wata za mu yi magana a kan abin da ya kamata mutum ya yi idan an kai ƙararsa kotu a kan gona, ko bashi, ko gado, da kuma irin aikin da lauya yake yi masa.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Kawuna yana da garka a ƙasar Deule, cikin gundumar Buza, wadda mahaifinsa ya saya tun kafin a haife ni. Wata rana jikan wanda ya sayar ya ce ai ba saye ba ne, jingina ce, ga kuɗi a mayar masa da gonar kakansa. Aka je wurin sarki, ba a shirya ba. Bayan kwanaki sai ga sammaci. Kawu ya ce shi bai ci na kowa ba, me zai kai shi gaban alƙali? Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya tafi cin rani Abijan. Da ya komo ya tarar an yanke hukunci ba ya nan, wani yana shirin dashen albasa a garkarsa.

To, jama'a, ku lura. Ƙarar gona ko ta bashi ba irin ta sata ko kisan kai ba ce. Mutum biyu ne suke jayayya a kan haƙƙi, alƙali kuma yana son ya ji bakin kowa. Wanda ya yi ƙara shi ne zai kawo hujja. Amma in wanda aka yi ƙara ya ƙi zuwa, baki ɗaya alƙali zai ji, da shi kuma zai yi aiki.

Hanyar da doka ta shimfiɗa ita ce wannan. Dokar Karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ce rikicin ƙasar noma da kiwo sai an fara kai shi wurin sarakunan gargajiya don sulhu. Mai gari ko sarki ba ya yanke hukunci, sasantawa yake yi. In an shirya, a rubuta takardar sulhu. In ba a shirya ba, a rubuta takardar rashin shiri, da ita ake zuwa kotu. Akwai kotu a Madawa, da Buza, da Keita. Manyan kotuna kuwa suna Tawa da Birnin Ƙonni. A shari'ar da ta shafi al'ada alƙali ba ya zama shi kaɗai, yana zama da mataimaka masana al'adar masu shari'ar.

A ƙaramar kotu mutum yana iya kare kansa da bakinsa. Amma in magana ta yi nauyi, kamar ta kawu, sai a nemi lauya. Yawancin ofisoshin lauyoyi a Yamai suke, kusan kilomita 500 daga Madawa, don haka tafiyar ba ta son hannu banza. Mu da muka je, lauya bai tambaye mu ko muna da gaskiya ba. Abu uku ya tambaya: "Ina sammacin? Yaushe aka sanar da kai hukuncin, Alhaji? Wa ya ga ranar da aka biya kuɗin gonar?"

Ga yadda ofishin lauya yake aiki. Da farko ana buɗe wa maganarka kundi, a tara dukkan takardu a ciki. Sannan a ƙidaya kwanaki, domin kowane mataki na kotu yana da wa'adi, in ya wuce ƙofa ta rufe. Lauya yana duba ko kotun da aka kai ƙarar ita ce ta dace, ko mai ƙara yana da ikon yin ta, ko an bi ta wurin sarki tukuna. Yana karɓar hujjojin abokin shari'a ya karanta, ya rubuta amsa, ya tsaya gaban alƙali a madadinka. In hukunci bai yi daɗi ba, ya gaya maka ko ɗaukaka ƙara tana da amfani ko asarar kuɗi ce kawai. Doka ta hana shi tona asirinka, ta kuma hana shi tsaya wa ku biyu a magana ɗaya. Saboda haka kada ka ɓoye masa komai. Mai ɓoye ciwo ga likita kansa ya cuta.

Allah ya taimaki kawu, wa'adin neman a sake sauraron maganar bai cika ba. Aka ɗauko wani tsoho a amalanke, shi kaɗai ya rage cikin shaidun cinikin. Garka ta komo, amma sai da kawu ya sayar da bijimi, ya kuma rasa albasar shekara guda.

Wanda ba shi da hali fa? Gwamnati ba ta manta da shi ba. Dokar 14 ga Disamba 2011 ta tanadi hukumar ANAJJ, mai ba da shawarar doka kyauta, tana kuma taimaka wa marasa hali su sami mai kare su. Ofisoshinta suna cikin manyan kotuna. Ku yi hattara da dillalan bakin kotu masu cewa a ba su kuɗi su ga alƙali. Ku shirya da lauya a kan ladansa tun farko, duk abin da kuka biya kuma ku karɓi rasit.

Kun san ƙasarmu ta yi daraja. Tun da aka fara dasa itatuwan tare iska a Majiya a 1975, aikin raya ƙasar Keita ya kankama a 1984, faƙo da yawa ya koma gona. Albasar Tarka kuma ta sa garka ta zama dukiya. Inda ƙasa ta yi tsada, nan rikici yake yawa, ga shi tsofaffin shaidu suna ƙarewa. Maganin wannan yana kusa da ku: hukumomin kula da filaye, wato Kofo, na ƙauye da na ƙaramar hukuma da na gunduma, suna ba da takardar saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina, da ta mallakar gado. Da kakanmu ya sami irin wannan takarda, da kawu bai rabu da bijiminsa ba.

Don haka, in sammaci ya zo, a ba mai karatu ya karanta a ranar. A riƙe kwanan wata. A je da shaidu da takardu. Kafin ku tafi cin rani bana, ku je ku rubuta gonakinku.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.