Binciken Zaɓen Sana'a Da Buƙatun 'Yan Kasuwar Suleja

A 1993 aka kafa dokar da ta ɗora wa kamfanonin Nijeriya harajin ilimi, da farko kashi 2 cikin ɗari na ribarsu, aka ɗaga shi zuwa kashi 3 a 2023. Wani ɓangare na kuɗin nan ya riƙa tafiya ne ga bincike da horar da malamai a jami'o'i da kwalejojin ilimi, ciki har da sassan da ke koyar da ilimin halayyar ɗan Adam da dabarun ba ɗalibai shawara kan zaɓen sana'a. Saboda haka ɗan kasuwa yana da hurumin tambayar abin da wannan bincike ya tsinana masa, musamman a gari irin Suleja.

Suleja ta ba da sunanta na asali da wani yanki na ƙasarta ga Babban Birnin Tarayya bayan dokar 1976, kuma tun da gwamnati ta tare a Abuja a Disambar 1991 garin ya zama masaukin magina, masu walda, kafintoci, masu haɗa wutar lantarki da ƙananan ma'aikatan da hayar gida a birnin ta fi ƙarfinsu. Kowace safiya motoci na kwasar su ta Madalla da Zuba. Duk da haka, mai shagon aluminiyam ko mai garejin gyaran mota yakan sha wahala kafin ya sami yaron da zai tsaya ya koyi aiki har ya ƙware, alhali ga samari nan da takardun sakandare suna jiran aikin ofis da ba ya zuwa. Wannan giɓi shi ne ainihin aikin mai ba da shawara a makaranta, kuma shi ne abin da ya kamata masu bincike su sa a gaba.

Abin lura shi ne yadda harkar ta faro a ƙasar nan. A 1959 wasu mata 'yan mishan na Katolika da ke kula da Kwalejin St. Theresa a Oke-Ado, Ibadan, suka gayyaci ma'aikata daga sana'o'i daban-daban su zo su yi wa 'yan matan ajin ƙarshe bayanin ayyukansu. Wato dai masu aiki ne suka shiga aji. Daga baya harkar ta koma hannun jami'o'i, aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa a 1976, sannan Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta amince da buƙatar a sanya irin waɗannan jami'ai a makarantun gaba da firamare. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya dogara kacokan a kansu, domin bayan shekara uku a ƙaramar sakandare ake son a tantance wanda zai ci gaba da karatun boko, da wanda zai nufi makarantar fasaha, da wanda zai shiga koyon sana'a. An shigo da injinan koyar da fasaha daga waje, da yawansu suka ruɓe cikin akwatuna saboda rashin wuta da rashin malamai, tantancewar kuwa ta koma ta sakamakon jarrabawa kurum.

Ko shakka babu, rubuce-rubuce sun yawaita a fannin. Sai dai akasarinsu hanya ɗaya suke bi: a raba wa ɗalibai takardun tambayoyi, a tattara amsoshi, a yi lissafi, a ɗaure kundin a ajiye a kanta. Ma'aunan da ake amfani da su kuma galibi daga Amurka aka aro su, kamar rabe-raben John Holland da ya kasa mutane da ayyuka gida shida. Ba a ce ba su da amfani ba, amma an gina su ne a kan yaron da zai zauna ya zaɓi sana'a shi kaɗai. A Suleja kuwa uba da kawu da ubangida su ne ke da ta cewa, jari kuma yakan fito ne daga dangi ko adashi. Binciken da bai shigar da waɗannan mutane ba, rabin magana ya ji.

Garin yana da nasa misalin na gano baiwa. A gidan Sarki Sulaimanu Barau Baturen nan Michael Cardew ya ga tukwanen Ladi Kwali, kuma a 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da ya kafa a garin, ita ce mace ta farko a wurin. Yau hotonta na kan takardar naira 20. Aikin hannunta aka gani, aka ba ta wurin horo, aka nema wa kayanta kasuwa har Ingila. Haka nan gwamnatin Babangida ta kafa makarantar yara masu hazaƙa a Suleja, abin a yaba, to amma 'yan ƙalilan take ɗauka daga faɗin ƙasa, sauran dubban yaran garin kuwa suna makarantun da mai ba da shawara, in ma akwai shi, yakan kasance malami ne da aka ɗora wa darussa cike da jadawali.

A nan ne 'yan kasuwa ke da rawar takawa, kuma ba sai sun kashe wani abin kirki ba. Ƙungiyoyin makanikai, teloli, masu walda da 'yan kasuwar IBB suna riƙe da bayanan da mai bincike ke nema: shekarun da koyon kowace sana'a ke ci, jarin da ake buƙata a buɗe shago, dalilin da ke sa yara guduwa kafin a yaye su, da ayyukan da Abuja ke nema a rasa masu yi. Kwalejin Ilimi ta Zuba tana nan kusa, ga ta Jihar Neja a Minna, ga jami'ar Lapai. Ya dace shugabannin ƙungiyoyin su rubuta musu, su nemi a turo ɗaliban da ke koyon aikin ba da shawara su yi 'yan makonni a gareji da shaguna kamar yadda suke zuwa gwajin koyarwa a aji, da sharaɗin a dawo musu da sakamakon binciken da Hausa, cikin shafi biyu ko uku, a karanta a taronsu na wata.