Akori-Kura Mai Rabin Tan: Ƙarfin Ja Ko Ƙarfin Ɗauka?

A ƙasar Amurka akwai wani rukunin motocin akori-kura da ake kira masu rabin tan, irin su Ford F-150 da Chevrolet Silverado 1500 da Ram 1500 da Toyota Tundra. Sunan ya samo asali ne tun zamanin da motar ba ta ɗaukar fiye da laba 1,000, wato kimanin kilogiram 450. Na yanzu da yawansu suna ɗaukar kusan ninkin haka, amma sunan ya zauna. Mutanen can suna sayen ta domin biyan buƙata biyu: zuwa aiki da kai yara makaranta kullum, da kuma jan tirelar dawaki ko jirgin ruwa jefi-jefi. Wajen haɗa waɗannan buƙatu ne masu saye da dama suke tafka kuskure, kuma kuskuren na lissafi ne wanda ɗalibin sakandare zai iya ganowa.

Kamfanoni sun fi tallata ƙarfin ja. Wasu samfuran F-150 an ba su izinin jan abin da ya haura tan 6. Wannan adadi ba ƙarya ba ne, domin akwai ƙa'idar gwaji mai suna SAE J2807, wadda a cikinta ake sa mota ta hau gangaren madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, tafiyar kimanin kilomita 18, cikin zafin da ya kai digiri 38, da na'urar sanyaya ɗaki a kunne. Sai dai motar da ta kai wannan matsayi zaɓaɓɓiya ce, mai injin musamman da giya ta musamman. Wadda talaka zai tarar a wurin dillali, mai ƙofa huɗu da kujeru masu laushi, sau da yawa ba ita ba ce.

Adadin da ya kamata a fara dubawa yana kan wata 'yar takarda da aka manna a jikin ƙofar direba, wato nauyin da motar za ta iya ɗauka a kanta. Dalili kuwa shi ne, tirela ba jan ta kawai ake yi ba. Hancinta yana danna ƙugiyar bayan mota, kuma masana sun ce wannan danni ya kamata ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar. Alal misali, a ɗauki tirela mai kilogiram 3,500 da mota mai iya ɗaukar kilogiram 750. Kashi 12 cikin ɗari na 3,500 shi ne 420. Saura 330. Idan manya huɗu suka shiga, kowanne kilogiram 75, an cinye 300. Abin da ya rage wa kaya duka bai wuce buhu ɗaya ba, alhali a takardar talla motar ba ta kai ko kusa da iyakar ƙarfin janta ba.

Wani zai ce ai sai a tura lodin tirelar can baya don hancin ya yi sauƙi. Wannan ita ce dabara mafi haɗari. Idan nauyi ya koma bayan tayoyin tirela, sai ta fara lilo hagu da dama, kuma lilon yana ƙaruwa da gudu har ta kada motar. Idan kuma danni ya yi yawa, bayan mota ya zauna, gabanta ya ɗaga, tayoyin da suke juya sitiyari su rasa kamun ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin Peugeot 404 ko Hilux an labta mata buhunan masara a hanyar kasuwar Dawanau, fitilunta suna kallon sama, ya san wannan yanayi. Ga kuma birki. Kuzarin abu mai tafiya yana bin ninkin gudunsa sau kansa, don haka wanda ya ƙara gudu daga kilomita 60 zuwa 120 a sa'a ya ɗora wa birkinsa aiki ninki huɗu, kuma duk wannan kuzari zafi yake zama.

Saura maganar tuƙin yau da kullum, wadda ilimin halittu yake da abin cewa a kanta. Manomin da ya ajiye bijimin huɗa yana aiki da shi 'yan makonni ne da damina, amma harawa da dusa kullum sai an ba shi. Haka babban inji yake: mai silinda 8 yana shan mai ko yana ja ko ba ya ja. Shi ya sa a 2011 Ford ta sa wa F-150 injin silinda 6 mai na'urar cusa iska, a 2015 kuma ta mayar da bodin na alminiyam, ta rage har kusan kilogiram 300. Amma kada a ruɗu, da zarar an ɗaura tirela mai tsawo, turjiyar iska takan sa ƙaramin injin ma ya sha mai kamar babba.

Girman kuma yana da wani farashi da ba mai motar ke biya ba. Binciken da cibiyar IIHS ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna cewa motocin da tsayin gabansu ya haura inci 40 sun fi masu gajeren gaba kashe mai tafiya a ƙafa da kimanin kashi 45 cikin ɗari, domin a ƙirji da kai suke bugu, inda zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa suke.

Saboda haka mai saye ya kai tirelarsa sikeli da lodinta, ya ƙidaya kwanakin da yake ja a shekara. Idan ba su wuce biyar ko shida ba, ƙaramar mota da hayar babba ranar buƙata sun fi masa. Idan kuwa ja sana'arsa ce, kuma lissafin takardar ƙofa bai fita ba, to mai rabin tan ta yi masa kaɗan, sai ya nemi F-250 ko makamanciyarta.