Kada a bar shugaban matasan coci da kaya shi kaɗai

A ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, inda Kiristoci ba su da yawa, sau tari saurayi ɗaya ne ke jagorantar zumuntar matasa, ya koyar da yara ran Lahadi, ya horar da mawaƙa, ga gonarsa tana jira. Ba albashi, ko kuɗin man babur babu. Ranar da ya gaji ya tafi ci-rani Kano, sai zumuntar ta watse.

Dattawan ikkilisiya, ku tuna shawarar da Yetro ya ba Musa a Fitowa 18, cewa ya raba aiki. Ku naɗa wa yaron nan mataimaka, ku ware masa kuɗin mai daga baiko, ku yi masa gayya da damina. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.