Farin Ruwa na buƙatar masu gadi kafin kwalta

Wanda ya bar Abuja bayan sallar asuba, ya ratsa Mararaba tun cunkoso bai kankama ba, ya bi ta Keffi da Akwanga, sannan ya karkata zuwa Wamba, yana iya tsayawa gaban Farin Ruwa kafin azahar. Daga Wamba tafiyar ke sauya kama. Kimanin kilomita 30 ne suka rage, amma mafi yawansu ƙasa ce da duwatsu da ƙoramu, kuma a ƙarshe dole mutum ya ajiye mota ya taka da ƙafarsa. Tun yana cikin itatuwa zai fara jin rugugin. Idan ya fito fili sai ya ga ruwan yana gangarowa daga bakin tsaunukan Jos, fari fat kamar an shanya sabon ƙyalle a jikin dutse, feshinsa kuma yana jiƙa riga tun daga nesa. Ana ƙiyasta tsayinsa da mita 150, wato ya ɗara na Biktoriya da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, mai mita 108, ko da yake a faɗi da yawan ruwa ba a haɗa su.

Kusan duk wanda ya je ya dawo, ƙorafinsa ɗaya ne: hanya. A gyara hanya, a zuba kwalta, baƙi za su zo, kuɗi za su shigo. Maganar tana da gaskiyarta, kuma mazauna ƙauyukan yankin, masu fitar da amfanin gona da marasa lafiya a kan babur, sun fi kowane ɗan yawon buɗe ido cancantar wannan hanya. Sai dai akwai abin da ya kamata ya riga ta isa, shi ne masu gadin daji.

Dalilin yana bakin titin da matafiyin ya biyo. Tsakanin Keffi da Akwanga buhunan gawayi na jere suna jiran motocin da za su kai su Abuja, inda tsadar iskar gas ta mayar da gidaje da yawa, har da na ma'aikatan gwamnati, ga murhun gawayi. Kowane buhu itace ne da aka sare a wani daji. Abin da ya fi kare itatuwan da ke kewaye da Farin Ruwa zuwa yau shi ne wahalar isa gare su. Kwaltar da za ta kawo motar baƙi ita ce za ta kawo babbar motar mai gawayi da ta mai katako, kuma waɗannan biyun sun fi baƙo zuwa a kai a kai, domin shi sai ranar hutu.

Idan itatuwan suka tafi, ruwan ma zai canza. Daji ne ke riƙe ruwan sama, ya bar shi ya nutse cikin ƙasa, ya riƙa sakinsa sannu a hankali har tsakiyar rani. Gangaren da aka aske kuwa yakan tura ruwan gaba ɗaya, ya kwashi ƙasa ya tafi da ita. Sakamakon shi ne ambaliya mai launin kunu a watan Agusta, da ɗan zirin ruwa a watan Fabrairu. Ko yanzu ma wanda ya je da rani ya san yadda ƙarfinsa ke raguwa.

A nan ne maganar ta dawo Abuja. A watan Disamba na 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da ƙarin gandun daji na ƙasa guda 10 a kan 7 da ake da su, kuma dajin Marhai da ke wannan yanki na Jihar Nasarawa yana cikinsu, tare da irin su Falgore a Kano, Kogo a Katsina, Allawa a Neja da Pandam a Filato. Ma'anar haka ita ce alhakin kula da shi ya tashi daga wuyan jiha ya koma na tarayya, ƙarƙashin hukumar kula da gandun daji ta ƙasa da Ma'aikatar Muhalli. Amma amincewar shugaban ƙasa mafari ce kawai. Bayanta akwai shata iyaka, da ɗaukar ma'aikata, da gina musu masauki, da babura da man da za su yi sintiri, da albashin da zai fito a kan kari. Duk waɗannan layuka ne a cikin kasafin kuɗi, kuma layukan da ba su da mai tsaya musu su ake fara yankewa idan aka zo rage lissafi. Aikin kwalta yana da ɗan kwangila da ɗan majalisa masu bibiyarsa daga ofis zuwa ofis. Mai gadin daji ba shi da kowa.

Yankin ya riga ya ga yadda babban alkawari ke tsufa. Tun zamanin Gwamna Abdullahi Adamu, wanda ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007, aka fara aikin samar da wutar lantarki daga ruwan Farin Ruwa, aikin kuma ya shafe shekaru yana jan ƙafa. Ba abin mamaki ba ne idan manomin da ke gefen dajin ya saurari labarin gandun ƙasa da kunne ɗaya. Shi abin da ya sani, za a hana shi shiga inda kakanninsa suka yi farauta suka ɗebi zuma. Idan ba a ɗauki 'ya'yansa aikin gadi da na rakiyar baƙi ba, idan kuma ba a ware wa ƙauyensa wani kaso bayyananne daga kuɗin shiga ba, to mai sayen gawayi zai fi gwamnati kusa da aljihunsa.

Akwai masu cewa a halin tsaron da ake ciki, zancen yawon buɗe ido a daji wasa ne. Tsoronsu ba na banza ba ne. Gandun Kamuku da ke Birnin Gwari da na tafkin Kainji sun nuna abin da ke faruwa idan 'yan bindiga suka riga hukuma zama a daji. Amma wannan hujja ce ta a gaggauta kai masu gadi, domin dajin da babu idon hukuma a cikinsa ba ya daɗewa babu mai shi.

Jami'in da fayil ɗin Marhai zai bi ta teburinsa, da hadimin da ke shirya wa ɗan majalisa bayanin kare kasafi, ya kamata su ga wurin ko sau ɗaya kafin su sa hannu. Asabar guda ta isa. Ƙarshen damina ya fi dacewa, lokacin da ruwan ke da ƙarfi hanya kuma ta fara bushewa. A tambayi mutanen Wamba halin da hanyar ke ciki kafin a tashi, a nemi mota mai tsayi, a ɗauki ɗan rakiya daga ƙauyen ƙarshe a biya shi haƙƙinsa, a guji hawa duwatsu masu santsi, a kuma juyo da wuri yadda magariba za ta riski mutum a Akwanga.